Tafkin Guba a Kan Hanyar Dinyoyi: Nazarin Lamarin Ramin Berkeley a Jihar Montana

A gefen garin Butte, cikin jihar Montana da ke arewa maso yammacin Amurka, akwai wani tsohon ramin haƙar tagulla da ya cika da ruwa mai guba. Ramin yana kan hanyar da tsuntsayen ruwa masu ƙaura ke bi sau biyu a shekara, a tafiyarsu tsakanin yankin ƙanƙara na arewacin duniya da wuraren da suke cin ranin hunturu a kudu. Kamfanoni biyu masu zaman kansu ne doka ta ɗora wa alhakin duk abin da ruwan ya haifar. Wannan nazari ya bi lamarin daga lokacin da ruwan ya fara taruwa, ya ratsa mace-macen tsuntsaye biyu da suka ja hankalin duniya, har zuwa tsarin da ake aiki da shi yanzu.

## Asalin ramin: 1955 zuwa 1994

Kamfanin Anaconda ne ya fara haƙa ramin Berkeley a 1955, bayan an shafe fiye da shekaru 70 ana fitar da tagulla daga ƙarƙashin tudun Butte ta rijiyoyi masu zurfi da hanyoyin da suka sarƙe da juna kamar gidan tururuwa. Buɗaɗɗen rami ya fi arha ga kamfani, domin yana ba da damar kwasar dutsen da tagullarsa ba ta da yawa, sai dai faɗaɗa shi ya cinye unguwannin ma'aikata irin su Meaderville da McQueen. Lokacin da aka daina aiki a cikinsa, tsawonsa ya haura mil ɗaya, zurfinsa kuma ya kai kimanin ƙafa 1,780, wato kusan mita 540.

A 1977 kamfanin man fetur na Atlantic Richfield ya sayi Anaconda. Farashin tagulla ya faɗi, kuma a watan Afrilun 1982 sabon mai ma'adinin ya kashe injinan da ke janye ruwa daga can ƙasan rijiyar Kelley, waɗanda su ne suka hana ruwan ƙarƙashin ƙasa cika wuraren haƙar shekara da shekaru. Ruwa ya fara cika tsofaffin hanyoyin ƙasa, daga nan ya ɓullo cikin ramin, kuma ya yi shekaru yana hauhawa da kusan ƙafa ɗaya a kowane wata.

Dutsen wannan yanki yana ɗauke da ma'adinai masu farar wuta. Idan iska da ruwa suka haɗu a kansu sai su haifar da asid irin wanda ake kira ruwan batir, shi kuma asid ɗin ya narkar da tagulla da tutiya da baƙin ƙarfe da kadmiyom da asenik daga jikin dutsen ya zuba su cikin ruwan. A ma'aunin tsami na pH, inda ruwa mai kyau ke tsayawa a 7, ruwan ramin ya daɗe yana kusa da 2.5, tsamin da ya yi daidai da na ruwan lemun tsami. Tsamin kaɗai ba shi ne babban haɗarin ba. Haɗuwarsa da narkakkun ƙarafan ce ke ƙona cikin duk abin da ya sha.

A 1986 kamfanin Montana Resources ya ci gaba da haƙa a wani rami na maƙwabtaka, kuma daga baya shi da Atlantic Richfield suka zama masu alhakin ruwan Berkeley tare. A 1987 aka sa yankin Butte cikin shirin Superfund, wanda gwamnatin tarayyar Amurka ke amfani da shi wajen tilasta tsabtace wuraren da masana'antu suka gurɓata. A 1994 hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta yanke shawarar a bar ruwan ya ci gaba da taruwa a ramin, tun da duk gurɓataccen ruwan ƙasan yankin can yake gangarawa, amma da sharaɗin kada ya taɓa kai tsayin ƙafa 5,410 sama da matakin teku, domin daga wannan iyaka zai iya tsiyayewa zuwa ruwan kwarin da rafin Silver Bow. Shawarar ta tabbatar da abu ɗaya da ya shafi wannan nazari: za a sami buɗaɗɗen tafki mai ɗaruruwan eka a wurin har illa ma sha Allah.

## Tsuntsayen da zangonsu

Farar dinyar da lamarin ya fi shafa fara ce fat, sai baƙin gashi a ƙarshen fikafikanta. Waɗanda ke ratsa Montana suna ƙyanƙyasa ne a tsibirai irin su Banks na Kanada da Wrangel na Rasha, su tsaya kiwo a gonakin hatsi na lardunan Alberta da Saskatchewan, sannan yawancinsu su wuce kwarin tsakiyar Kalifoniya. Babban zangonsu a Montana shi ne tafkin Freezout, sama da mil 100 arewa da Butte, inda a ƙarshen watan Maris adadinsu kan kai 300,000. Kusa da Butte kuma akwai tafkunan Warm Springs, waɗanda za a yi bayaninsu a gaba.

Waɗannan zanguna biyu ba su da zurfi, saboda haka da sanyi ya tsananta sukan daskare da wuri. Ramin Berkeley kuwa zurfin ruwansa ya kai ɗaruruwan ƙafa, kuma ruwa mai zurfi yana jinkirin daskarewa. Tsuntsun da ya taso daga nesa, ya gaji, yana jin ƙishirwa, ba shi da hanyar gane gubar ruwa daga sama. Abin da yake gani kawai shi ne wurin sauka.

## Nuwamba 1995: mutuwar farko

A watan Nuwamban 1995 wani garken fararen dinyoyi ya sauka a ramin cikin mummunan yanayi, kuma bayan kwanaki aka ƙirga gawa 342 a kan ruwan. Kamfanin Atlantic Richfield ya ce wata cuta ce mai kama huhu, wadda ake samu daga hatsin da ya yi fumfuna, kuma ya kafa hujja da binciken da aka yi a wata jami'a ta jihar Colorado. Gwamnatin Montana ta musanta wannan bisa gwajin da ita ta yi. Binciken gawarwakin ya nuna ƙuna da gyambo a maƙogwaro da hanjin tsuntsayen, irin wanda tagulla da kadmiyom da asenik masu yawa ke haifarwa.

Gardamar ba ta hana hukuma ɗaukar mataki ba. An umarci kamfanonin su tsara yadda za su riƙa korar tsuntsaye daga ruwan, kuma wannan ya zama ɗaya daga cikin wajibansu a ƙarƙashin shirin Superfund.

## Shirin farko: 1996 zuwa 2016

An gina ɗan ɗakin tsaro a bakin ramin, aka sa ma'aikatan ma'adinin su riƙa leƙa ruwan da madubin hangen nesa, a kowace sa'a da rana a lokacin ƙaura, da dare kuma a wasu lokuta da aka tsayar. Idan suka ga tsuntsu sai su harba bindiga kusa da shi don ya tashi. An kuma kakkafa wasu na'urori masu suna Phoenix Wailer a gefen ramin, waɗanda ke fitar da ƙararraki da kukan tsuntsaye masu farauta lokaci bayan lokaci. Akwai fitilu masu ƙarfi na dare, da kwale-kwale mai inji da ake shiga ruwan da shi don kora ko kwaso gawa.

A yawancin shekaru wannan tsari ya wadatar. Tsuntsayen da ke sauka a ramin a shekara guda ba su cika wuce 2,000 zuwa 5,000 ba, kuma suna zuwa ne a ƙananan garkuna da mutum ɗaya mai bindiga zai iya tasarwa. Mace-macen da ake samu kaɗan ne, ban da 2007, lokacin da hazo ya rufe ramin na kwanaki, masu tsaro suka kasa ganin ruwan, aka kuma sami tsuntsaye 37 sun mutu, dinyoyi da agwagin daji. Wannan ya nuna wani rauni tun da wuri: duk tsarin ya dogara ne ga idon mutum, kuma ranar da ido ya kasa aiki sauran kayan ba su da amfani sosai.

A watan Fabrairun 2013 wani ɓangare na bangon ramin ya zaftare cikin ruwan, ya tayar da igiyar ruwa mai ƙarfi. Daga nan aka hana kowa shiga ramin da kwale-kwale, saboda haɗarin da ke tattare da hakan ga rayukan ma'aikata. Ke nan hanyar da ake bi a isa ga tsuntsun da ke tsakiyar tafkin ta rufe, kuma ba a maye gurbinta da wani abu nan take ba.

Akwai kuma abin da rajistar masu tsaro ba ta riƙe da kyau a wannan zamani. Ma'aikatan mahaƙa ne da direbobin manyan injina, ba a koya musu rarrabe tsuntsaye ba, don haka sau da yawa abin da ake rubutawa shi ne agwagwa ko dinya da adadinsu. Shekaru 20 na lura sun tara lambobi, amma ba su tara sanin wane iri ne ke zuwa a wane mako ba, balle yadda kowanne ke amsa kora.

## Daren 28 ga Nuwamba, 2016

Ƙarshen shekarar 2016 ya zo da ɗumi fiye da yadda aka saba a kudancin Kanada, shi ya sa dinyoyin suka yi jinkirin tasowa daga gonakin da suke kiwo. Da sanyi ya faɗo musu kwatsam sai suka taso gaba ɗaya. Sun iske tafkin Freezout ya daskare galibinsa, haka ma tafkunan Warm Springs, ga kuma guguwar dusar ƙanƙara a hanya. Da yammacin 28 ga Nuwamba wani ma'aikacin Montana Resources da ba ya bakin aiki, yana nisan kimanin mil 25 daga Butte, ya bugo waya ya ce ya ga garken da ya kai 25,000 ya nufo garin. Wannan kiran shi ne kusan duk gargaɗin da aka samu.

Cikin dare tsuntsayen suka sauka. Jami'an kamfanin sun bayyana cewa ramin, mai faɗin kimanin eka 700, ya koma fari fat. Ƙiyasin farko ya ce 10,000 ne suka sauka, amma lissafin da aka yi daga baya ya kai adadin zuwa kusan 60,000, wato fiye da ninki goma na abin da ramin ke gani a shekara cur. Ma'aikata sun kwana suna harbi da haska fitilu da kunna duk wata na'ura mai ƙara da suke da ita, kuma kafin wayewar gari mafi yawan garken, kimanin kashi 90 cikin 100, ya tashi. Sauran sun zauna. Wasu sun gaji ne har ba sa iya tashi, wasu sun riga sun sha ruwan, kuma babu kwale-kwalen da zai je inda suke. An yi kwanaki ana fama da su.

Da yake ba a iya shiga ramin, an ƙirga gawarwakin ne daga hotunan da jiragen sama da jirage marasa matuƙa suka ɗauka, kuma adadin da aka tsayar shi ne tsakanin 3,000 da 4,000. Ba a ramin kaɗai suka mutu ba. Mutanen gari sun tsinci wasu a filin ajiye motoci na manyan kantuna da gefen hanyoyi, waɗanda suka iya tashi amma gubar ta ci ƙarfinsu a gaba kaɗan. Binciken hukumar kula da kifaye da namun daji ta tarayya ya tabbatar da cewa asid da ƙarafan ruwan ne suka kashe su, kuma a wannan karon babu wanda ya kawo zancen hatsi mai fumfuna.

Ta fuskar yawan jinsin, asarar ba ta girgiza komai ba. Farar dinya tana da yawan miliyoyi, har ma tun 1999 Amurka ta sassauta dokokin farautarta a wasu yankuna saboda yawanta yana lalata ciyayin wuraren ƙyanƙyasa. Amma ramin ba ya zaɓen wanda zai sauka a kansa, kuma abin da ya sami dinya zai iya samun tsuntsun da bai kai ta yawa ba.

Doka kuma ta shigo cikin zancen. Amurka tana da dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, wadda aka daɗe ana amfani da ita wajen cin tarar kamfanonin da ayyukansu suka kashe tsuntsaye ko da ba da gangan ba. A Disamban 2017 ma'aikatar harkokin cikin gida ta fitar da sabuwar fassara cewa dokar ba ta shafi kisan da ba a yi da niyya ba. Kamfanonin biyu ba su biya tara kan mutuwar dinyoyin ba, sai dai wajibin kora da ke kansu a ƙarƙashin Superfund bai sauka ba, kuma Montana Resources ya bayyana a fili cewa zai ci gaba da aikin ko yaya aka fassara waccan doka.

## Sake tsari: daga 2017

Matakin farko da kamfanonin suka ɗauka shi ne kafa kwamitin ba da shawara, wanda ya haɗa masana halittu daga jami'ar Montana Tech da ke Butte, da masu nazarin tsuntsaye na yankin, da jami'an hukumomin jiha da na tarayya. An kuma ɗauki ƙwararre wanda aikinsa kawai shi ne kare tsuntsaye a ramin.

A watannin farko hankali ya fi karkata ga sayen kaya. An kakkafa igwa masu aiki da iskar gas, waɗanda ke tashi da kansu a lokutan da aka saita. An ƙara na'urorin ƙara, an kawo rokokin wasan wuta masu fashewa a sama, da hasken lesa (siririn haske mai ƙarfi da ke kaiwa nesa), da jirage marasa matuƙa. An gwada wata ƙatuwar igwa da ake ɗorawa a bayan mota, mai harba dunƙulen iska da ƙara mai razanarwa. Ta ja hankalin 'yan jarida ƙwarai, amma ba ta zama cikin kayan da ake dogara da su yau da kullum ba. Rufe ruwan da raga ko da ƙwallayen roba masu iyo, kamar yadda ake yi a ƙananan kududdufan masana'antu, ba abu ne mai yiwuwa ba a tafki mai wannan faɗi da bangon da ke zaftarewa. Gurbin kwale-kwalen da aka rasa a 2013 kuwa an cike shi da wanda ake sarrafawa daga nesa, wanda injiniyoyin Montana Tech suka fara ƙerawa don ɗebo samfurin ruwa, daga baya aka yi irinsa don tunkarar tsuntsaye.

Na'urorin da ke ƙara da kansu suna da iyakar da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa tsaron gonar gero daga jan-baki ya san cewa mutum-mutumi da gwangwanayen da aka rataye a igiya kwana kaɗan suke yi suna aiki, daga nan tsuntsu ya gane babu kowa a bayansu. A ramin Berkeley amfanin igwa da na'urorin ƙara shi ne su sa wurin ya zama mara daɗin sauka ga wanda ke shawagi a sama bai yanke shawara ba tukuna. Wanda ya riga ya sauka ya natsu, sai mutum ya tashe shi.

A nan ne sauyi mafi girma ya faru, kuma bai ci kuɗi kamar sayen injina ba. An koyar da ma'aikatan ma'adinin gane tsuntsaye iri-iri daga nesa, ta siffar kai da baki da yadda suke zama a kan ruwa, har rajistar ɗakin tsaro ta fara nuna iri da adadi da lokacin sauka da abin da aka yi amfani da shi wajen kora da kuma sakamakon. Daga wannan rajista aka gano cewa dabara ɗaya ba ta yi wa kowa. Dinyoyi da agwagin da ke kiwo a saman ruwa suna tashi da zarar harsashi ya bugi ruwa kusa da su. Masu nutso kuwa, irin su baƙar kazar ruwa mai farin baki da wasu tsuntsaye masu tsinin baki da ke kamun kifi a ƙarƙashin ruwa, idan aka tsorata su ba sama suke yi ba, nutsewa suke yi. Harbi a kansu yana ƙara dulmuya su cikin gubar da ake son raba su da ita, yana kuma ƙarar da ƙarfin da za su tashi da shi. Yawancin irin waɗannan da dare suke tafiya, kuma sai sun yi gudu mai tsawo a kan ruwa kafin su ɗaga. Saboda haka aka koma barinsu su huta da rana, sannan da magariba, lokacin da dama suke shirin tafiya, a bi su da hasken lesa ko da jirgi mara matuƙi har su tashi. Abin da tsohon tsari zai ɗauka sakaci ne, wato ganin tsuntsu a ruwa a ƙyale shi na wasu sa'o'i, ya zama umarni a rubuce ga wasu nau'o'in.

Sauyi na biyu shi ne hasashe. A 2016 kiran waya ɗaya ne ya sanar da zuwan garken, kuma shi ma dace aka yi. Yanzu ana bin rahoton yanayi na kudancin Kanada da arewacin Montana, ana samun labari daga masu lura da tsuntsaye a can da kuma a Freezout kan yawan garkunan da suka taru da ranar da suka tashi, ana kuma duba ko zangunan da ba su da zurfi sun daskare. Idan alamu suka haɗu, wato taron tsuntsaye a arewa da sanyi mai zuwa da daskararrun tafkuna, sai a ƙara ma'aikata a bakin ramin a kwana a shirye, da nufin hana garken sauka tun yana sama, domin juya tsuntsu yana shawagi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tayar da shi bayan ya jiƙa ƙirjinsa.

Alƙaluman da kamfanonin ke miƙa wa hukuma tun bayan wannan gyara suna nuna cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na tsuntsayen da ke sauka suna tashi da rai, kuma ba a sake samun mutuwa mai yawan ta 2016 ba.

## Tafkunan Warm Springs

Tsuntsun da aka kora daga ramin dole ya sauka a wani wuri, kuma wuri mafi kusa da ke iya ɗaukar babban garke shi ma filin kamfani ne. Tafkunan Warm Springs suna nisan mil ashirin da 'yan kai arewa maso yammacin Butte, inda rafin Silver Bow ke shirin zama kogin Clark Fork. Anaconda ne ya gina su, na farko a 1911, na biyu a 1916, na uku a shekarun 1950, bayan ambaliyar 1908 ta kwashi dattin ma'adinai ta watsa shi a kwarin kogin. Aikinsu shi ne su tare ruwan rafin ya lafa, dattin ƙarafa ya kwanta a ƙasa. Har yau ana zuba farar ƙasa a ruwan da ke shiga domin rage tsaminsa da saukar da ƙarafan, kuma a ƙarƙashinsu akwai gurɓataccen laka mai kimanin yadi miliyan 19 a ma'aunin cika.

Tafkunan mallakar Atlantic Richfield ne, wanda shi kuma ya koma hannun kamfanin BP a 2000, amma hukumar kifaye da namun daji ta jihar Montana ce ke kula da su a matsayin wurin namun daji. Da yake ruwan saman yana da isasshen tsabta, ciyayi da ƙwari da kifi sun kama, kuma an ga tsuntsaye fiye da iri 200 a wurin. Ƙirgar da ake yi a kai a kai a waɗannan tafkuna ta shiga cikin tsarin hasashen ramin, tun da abin da ya bayyana a Warm Springs yau shi ne ake sa ran gani a Berkeley gobe ko jibi.

Wurin yana da nasa matsalolin. A wasu lokutan shekara ruwan da ke fita daga tafkunan yana ɗauke da asenik fiye da ƙa'ida. Rashin zurfinsu, wanda shi ne ya sa suka dace da kiwon tsuntsaye, shi ne kuma ke sa su daskare a daidai daren da aka fi bukatarsu.

## Ruwan ramin: 2003 zuwa yau

A 2003 aka buɗe matatar Horseshoe Bend, wadda ke tare wani gurɓataccen ruwan da ke kwarara cikin ramin ta tace shi da farar ƙasa. Lakar da matatar ke fitarwa ana mayar da ita ramin, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa tsamin ruwan ya ragu daga 2.5 zuwa kusan 4. Tun da kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, raguwar ba ƙarama ba ce, ko da yake ruwan bai zama abin sha ga kowace halitta ba. A 2019 aka fara janye ruwa daga ramin kansa, a tace shi a sake shi cikin rafin Silver Bow, kuma daga lokacin hauhawar ta tsaya, fiye da ƙafa 50 ƙasa da iyakar 5,410. Tafkin ya daina girma, amma kusan galan biliyan 50 na ruwan suna nan.

## Hukunci

Shirin farko bai gaza don ƙarancin ƙara ko ƙarancin himma ba. An auna shi ne da shekarar da aka saba gani, ta tsuntsaye 'yan dubbai masu zuwa kaɗan-kaɗan, kuma nasarar shekaru 20 ta sa babu wanda ya tambayi abin da zai faru idan 60,000 suka zo a dare ɗaya. Gargaɗi biyu sun zo, hazon 2007 da rasa kwale-kwale a 2013, kuma a ganina na biyun ya fi nauyi, domin an san an rasa hanyar isa tsakiyar ruwan, aka kuma shiga lokutan ƙaura da dama a haka. Musun da aka yi a 1995 shi ma ya ci lokacin da ya kamata a kashe wajen fahimtar tsuntsayen.

Daga cikin abubuwan da aka ƙara bayan 2016, biyu ne suka ɗauki nauyin nasarar: sanin irin tsuntsun da ake kora, da sanin ranar da zai zo. Injinan sun taimaka, musamman lesa da jirage marasa matuƙa waɗanda suka mayar da ikon kaiwa inda mutum ba ya zuwa, amma sun yi amfani ne a hannun mai tsaron da ya san wanda za a harba wa bindiga da wanda za a bari sai magariba.

Adadin kashi 99 yana bukatar a karanta shi da hankali. Daga masu aikin yake fitowa, kuma yana ƙirga waɗanda suka bar ramin ne, alhali gawarwakin da aka tsinta a cikin gari a 2016 sun nuna cewa tashi daga ruwan ba tabbacin tsira ba ne. Har ila yau, shekarun da suka biyo baya sun gwada tsarin da garkuna manya da ƙanana, amma haɗuwar jinkirin ƙaura da guguwa da daskarewar duk zanguna a dare guda abu ne da ba ya zuwa kullum.

Ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na wurin sauka. An zuba kuɗi da tunani wajen korar tsuntsu daga fili ɗaya na kamfani, alhali amfanin korar ya rataya ne ga wani filin na kamfani da ke gaba, wanda ba don tsuntsaye aka gina shi ba, kuma makomarsa ba ta tabbata ba. Matakan da EPA ta amince da su kan tafkunan Warm Springs a farkon shekarun 1990 na wucin gadi ne, an bar hukuncin ƙarshe sai an kammala tsabtace rafin da ke sama da su. Cikin zaɓin da ake tattaunawa akwai barinsu yadda suke, akwai kuma kwashe lakar da sauya fasalin wurin, kuma har yanzu ba a yanke ko ɗaya ba.